Marayan Layi

Ƙarfe tara na dare, hawa na huɗu, Ikeja.
An ɗauke wuta, janareta na tari a ƙasa.
Oga Kolawole ya ce, rahoto kafin safiya,
ya ɗauki makullin motarsa.
Saura ni da kwamfuta da guntun kunun aya a gora.

Fayil ɗin asibitoci a naɗe yake zuwa,
ƙwarya cikin ƙwarya, kamar jeren kakata a Agege.
Ka buɗe babba, ga asibiti.
Cikin asibiti ga mai gida da lambar inshorarsa,
ƙarƙashinsa mata da 'ya'ya,
ƙarƙashin kowane ɗa ranar da zazzaɓi ya kayar da shi,
can ƙasa, a 'yar mitsitsiyar ƙwarya,
allura biyu, ledar ruwa, kuɗin gado.

Su kuwa na sama ba ruwansu da ƙwarya.
Tabarma suke so, shimfiɗaɗɗiya,
a bi ta da yatsa a ɗakin taro,
a ce Mushin ta ci naira kaza, Surulere kaza.

To, aikina ke nan, warware zumunci.
In raba uwa da ɗa, kowa da jadawalinsa,
amma in ɗaura wa kowa lambar gidansu,
yadda Inna ke rubuta mana lambar waya a dantse
ranar shiga kasuwar Oshodi.
Dole kowane layi ya san na gaba da shi.
Wanda bai sani ba, na'ura ta tofar da shi gefe.

Dubu arba'in da shida sun shige lafiya.
Ɗaya ya rage.

Jini, leda guda. Iskar numfashi, kwana uku.
Gurbin suna wayam. Gurbin lamba sifili.
Nauyi kilo ɗaya da ɗigo takwas.
A harshen aikinmu maraya ake ce masa,
a tura shi kwandon kuskure, a kashe fitila,
danfon ƙarshe ba ya jiran kowa.

Na sa hannu a jaka, na fasa.
Na bi fayil da ido, ina hawa sama,
ina ƙirga ƙofar da aka buɗe da wadda aka rufe.
Layi tara a bisa kansa, ga wata mace:
tiyata, daren Laraba, asibiti ɗaya, gado na sha biyu.
Sunanta amana ne, ba zan faɗa ba.

Ashe ba maraya ba ne.
Bakwai ce bai kai ba.
Ba a yanka rago ba, liman bai raɗa komai ba,
akawun asibiti ya rasa abin rubutawa
ya rufe ƙwaryar uwa, ɗan yana waje.
Wanda ya tsara fayil ɗin nan, ko waye,
bai san mutum kan yi kwana shida a duniya
da numfashi, da bashi, babu suna ba.

Na rubuta wa na'ura sabon umarni, layi huɗu kacal:
in kin ga marar suna, waiwayi sama,
nemi wadda ta haihu a daren,
ki goya mata.

Na sake kunnawa.
Shi ya shige. Sai ga wasu goma sha bakwai
sun fito daga kwandon watannin baya,
kuɗinsu har yau yana wuyan asibiti, ko wuyan uba.

Gobe Oga zai dubi jimla a ƙasan shafi,
ya ce ta ɗan hau, me ya faru?
Zan faɗa masa.

Ƙarfe sha ɗaya saura. Ruwa ya tsuge a Agege Moto Rod,
kwandasta na ihu, Pen Sinima, kujera ɗaya!
Gurbin ranar sallama ne ke bina har cikin mota,
shi ma wayam na bar shi.
Fayil na gaba sai biyar ga wata.
Zan fara duba gado na sha biyu,
in ga ko ya samu suna.